Idan aka sake kulle gari, ta ina za a fara buɗe kasuwa da masallaci da makaranta?

Dubagari: Assalamu alaikum jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa nake so mu zauna kan wannan magana tun babu dokar kulle a wuyanmu. A 2020, lokacin korona, rufewa ba ta ba hukuma wahala ba, sanarwa ɗaya ce a rediyo. Buɗewar ce ta zo da rikici. Ku tuna ranar 4 ga Mayu da aka sassauta kullen Legas da Abuja bayan mako biyar: ƙofar kowane banki ta cika maƙil, mutum a kan mutum. A Kano kuma, farkon watan Mayu aka ce a fita Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Ku yi lissafi da ni. Kasuwar da ta saba ci kwana 6 a mako, awa 10 kullum, tana da awa 60. Aka mayar da ita awa 12. Cikin mutane bai ragu ba, cefanen da za su yi bai ragu ba, kenan an ɗura jama'ar awa 60 a cikin awa 12, cinkoso ya ninka har sau biyar. Ra'ayina shi ne, in annoba irin ta numfashi ta sake zuwa, a tsawaita lokacin kasuwa, a rage yawan waɗanda ke ciki a lokaci guda. Masu sani a fannin iska da masallaci da tasha da makaranta, ku ba mu dalla-dalla.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Malam Dubagari lissafinka daidai ne, amma ka manta da abu guda. Kasuwa irin Kwari ko Singa ko Dawanau ba ta mutanen unguwa ba ce. Baƙi ne ke riƙe da ita, daga Maiduguri, Yola, Maraɗi, Damagaram, har Chadi da Kamaru. Baƙo in ya sauka da asuba yana so ya gama sari ya yi lodi ya juya kafin dare. Ko ka buɗe kasuwa awa 24, tsakanin 11 na safe da la'asar za ta cika, don lokacin ne kowa ke nan. Ƙara awa kaɗai ba zai warware ba sai an raba aikin da kansa. Saukar da kaya daga tirela da aikin 'yan dako a mayar da shi daga asuba zuwa 9 na safe, sannan bayan 5 na yamma. Tsakanin nan babu mota babu baro mai dila a cikin layi. Rabin matsin da ake yi a layi dila ce ke jawo shi: ɗan dako ya taho da ita a ka yana “hanya, hanya”, mutum ashirin su manne da bango fuska da fuska har ya wuce.

Dubagari: Alhaji wannan gyara ne mai kyau, na karɓa. Batun rabon shaguna fa, yau masu lamba mara gobe masu cika?

Ɗan Kwari: A takarda yana da kyau. A ƙasa ga abin da ke faruwa: wanda ba ranarsa ba zai zo ya rufe ƙofa rabi, ya tsaya a baki yana tare kwastoma, in an daidaita ya shigar da shi cikin shago ya janyo ƙofa. Ka ga an koma ciniki a ɗaki rufe, wanda ya fi na farko muni. Kuma mai saye da ya zo neman shadda bai samu shagon da ya saba ba sai ya zagaya layi uku yana tambaya. Gara a bar kowa ya buɗe, a ƙayyade mutum nawa ke shiga shago, a ware ƙofar shiga daban ta fita daban, a matsar da masu tebur da suka cinye rabin hanya zuwa fili. Wannan na ƙarshen shi ne mai faɗa, don mai tebur ba shi da wani wajen, sai shugabannin kasuwa sun fara nemo masa filin kafin a ce ya tashi.

Injiniya: Bari in shigo ta ɓangaren iska, don a nan ne aka fi yin asarar kuɗi a banza. Cutar korona mafi yawa ta numfashi take bi, ƙananan ɗigon da ke fita daga baki da hanci su rataya a iskar ɗaki kamar hayaƙin turaren wuta. Misalan da aka bi diddiginsu duk a rufaffen wuri ne. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, wani ofishin amsa waya, mutum 94 cikin 216 da ke hawa ɗaya suka kamu. A Guangzhou ta ƙasar Sin, wani gidan abinci mara taga, mutum 10 daga iyali uku, kuma teburansu suna kan layin da esi ke hura iska. A Tema ta Ghana, shugaban ƙasar da kansa ya sanar a Mayun 2020 cewa ma'aikata 533 sun kamu a wata masana'antar kifi.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ga wuraren da ba asibiti ba shi ne lita 10 na sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga kowane mutum. Ga yadda za ka kiyasta da kanka. Auna faɗin tagar da ta fi ƙanƙanta a murabba'in mita, ka ninka da gudun iskar waje, ka ninka da 1000. In tagogin suna fuskantar juna, iska ta shiga nan ta fita can, sai ka ninka da 0.65. In duk a bango ɗaya suke, da 0.05 za ka ninka. Ɗauki taga mai rabin murabba'in mita, iska tana tafiya mita 1 a daƙiƙa. Masu fuskantar juna za su ba ka lita 325, wato iskar mutum 32. Ta bango ɗaya lita 25 kacal, iskar mutum biyu da rabi. In akwai ragar sauro a jiki, raba biyu. Girman taga ɗaya ne, amma bambancin ya kai ninki 13, saboda kawai akwai mafita a ɗaya ɓangaren.

Ɗan Kwari: Injiniya to mu da shagunanmu ke cikin filaza, ƙofa ɗaya, baya bango, gefe bango, sama dakin? Akwai fanka, wasu da esi.

Injiniya: Alhaji fankar sama ba ta kawo sabuwar iska, juya wadda ke ciki take yi. Esi irin na bango ma haka, ya ja iskar ɗakin ya sanyaya ya mayar. Sanyi ba tsabta ba ne. Shago mai mita 3 da mita 4, tsayi mita 3, in mutum huɗu ne a ciki yana buƙatar lita 40 a daƙiƙa, wato kubik mita 144 a awa. Mafita ita ce fankar da ke zuƙe iska ta fitar waje, a huda bangon baya can sama kusa da rufi a kafa ta, ƙofa kuma a bar ta a buɗe. A duba jikin kwalinta, ana rubuta kubik mita nawa take ja a awa. Kurakurai uku nake yawan gani a irin wannan aiki. Na ɗaya, a kafa ta kusa da ƙofa, sai iska ta shigo ta fice nan take, cikin shago bai san an yi ba. Na biyu, a jera diloli har su toshe ta. Na uku, ta riƙa zubar da iskar a cikin lungun da maƙwabci ke shaƙa, ko cikin silin da ya haɗe shaguna goma. In bangon baya na wani ne, a ja bututu zuwa saman rufi. In babu halin komai, to ciniki ya koma bakin ƙofa, cikin shago ya zama sito, yaro ɗaya ya riƙa ɗauko kaya.

Ƙungiyar kasuwa za ta iya sayen na'urar auna CO2, wato iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, guda biyu ko uku ta riƙa zagayawa da su. A waje tana nuna wajen 420. A cikin ɗaki in tana ƙasa da 800 iska na gudana, in ta haura 1500 kuna shaƙar numfashin juna ne. A ajiye ta daidai tsayin kai, nesa da taga, nesa da bakin mutum, a lokacin da shago ya fi cika. Kusa da janareta ko murhun gawayi kuwa ba za ta faɗi gaskiya ba.

Anti Nas: Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da nake so a cire daga tsarin gaba ɗaya shi ne rumfar feshi da ake sa mutum ya ratsa ta ciki, da fesa magani a kan titi. Tun a Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a fesa wa mutum sinadari ta kowane hali. Ƙwayar cutar tana cikin hanci da maƙogwaro, feshin yana kan riga. Mutum ya fito daga rumfar da jan ido da tari, mai asma kuma ya tashi da ciwo, cutar tana nan yadda take. Titi kuwa ƙasa da datti suna kashe ƙarfin kulorin kafin ya yi wani aiki.

Inda kulorin ke da amfani shi ne gogewa: hannun ƙofa, kanta, kan famfo, bayan gida, ƙarfen bene. Ƙarfin da ake so 0.1 cikin 100. In bilic ɗinka irin Jik ne mai 3.5, gwangwani 1 na bilic a gwangwani 34 na ruwa. In jini ne ko amai ya zuba, 0.5 ake so, wato gwangwani 1 na bilic a gwangwani 6 na ruwa. In garin kulorin ne mai ƙarfin 70, kimanin giram 1.5 a lita don gogewa, giram 7 a lita don jini. A fara wanke wurin da sabulu, sannan a goga, a bar shi da danshi aƙalla minti ɗaya. A haɗa sabo kullum, a roba mai murfi wadda rana ba ta ratsa ta, don zafi da haske suna sace ƙarfinsa. Kada a taɓa gauraya shi da maganin wanke masai mai asid ko wani sinadari, iskar da ke tashi tana iya kwantar da mutum a bayan gida rufe. Alhaji ku na Kwari ku kiyaye, ɗigo ɗaya a kan atamfa ya zama tabo har abada, kuma yana cin ƙarfe.

Dubagari: Hajiya ki taɓa mana batun bokitin wanke hannu. Shi ne aka fi ɗaukar hotonsa, shi ne kuma ya fi saurin mutuwa.

Anti Nas: Wallahi kuwa. Ranar farko bokiti fes da sabulu, rana ta uku babu ruwa, mako guda an ɗaure famfon da leda, sabulun ya yi ƙafa. Dalili, ba a yi lissafin ruwa ba kuma ba a ba kowa aikin ba. A ƙaddara mutum ɗaya rabin lita. Bokiti mai lita 50 mutum 100 ne, jarka biyu ta ɗan garuwa. Ƙofar da mutum 2000 ke bi a rana tana son lita 1000, jarka 40, kuma kada a manta ruwan dattin ma lita 1000 ne, ina za a zubar? In ba a haƙa rami an zuba tsakuwa ba, bakin ƙofa ya zama caɓi, mutane su riƙa kewaye shi. Kuma famfo ɗaya, in kowa zai ɗauki daƙiƙa 40, mutum 90 yake sallama a awa. Ka sa ɗaya tak a babbar ƙofa, ka haifar da layin da ya fi cutar da kake gudu. Gara a rarraba ƙanana a bakin kowane layi da wurin masu abinci da bayan gida. Maimakon sabulun sanda, a jiƙa giram 30 na omo a gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a huda murfin, a ɗaure ta da igiya. Ba mai sace ta.

Sanitaiza kuma sai mai barasar magani kashi 60 zuwa sama. Wadda ka shafa ta yi ta yauƙi ba ta bushe ba cikin rabin minti, akwai alamar tambaya. A nisanta ta daga teburin mai shayi da tukubar mai tsire, wuta take kamawa.

Dakta: Ina biye da ku. Ƙari kan na Hajiya: bindigar auna zafi ita ma kada a dogara da ita. Mai korona yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai a jikinsa, wani ma ba zai yi zazzaɓi ba sam, wani ya sha farasitamol ya fito. A ɗaya ɓangaren, da damina yawancin masu zazzaɓin da za ka tare na cizon sauro ne. Yawancin na'urorin an yi su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a Afrilu Kano da Sakkwato suna haura haka, mai gadi yana tsaye da ita a rana. In dole sai an yi, a inuwa, mutum ya huta minti biyar, digiri 38 ne iyaka, kuma a san inda za a tura wanda ya haura. Kora shi kawai aka yi, zai zagaya ta ɗaya ƙofar.

Abin da ya fi damuna shi ne ma'aunin da za a ce yanzu a buɗe. Sanya rana ba ma'auni ba ne. Wanda aka yi amfani da shi a 2020 shi ne waɗanda gwaji ya nuna suna da cutar su tsaya ƙasa da kashi 5 cikin 100 na tsawon mako biyu, sannan asibiti yana da gado da iskar oksijin. Kuma kowane mataki a bar tazarar mako biyu zuwa uku kafin na gaba. Dalili: daga kamuwa zuwa bayyanar alamu kwana 5 zuwa 6 ne a matsakaici, yana iya kaiwa 14, daga nan zuwa kwanciya asibiti wani mako guda. Abin da ka buɗe yau, sai bayan kwana 20 za ka ga sakamakonsa a gadon asibiti. In ka buɗe kasuwa da makaranta da gidan biki a mako ɗaya, adadi ya tashi, ba ka san wanne za ka rufe ba.

Dubagari: Dakta kashi 5 ɗin nan sai inda ake gwaji da yawa. Mu da ɗakin gwajin Kano ya tsaya cak na wasu kwanaki a Afrilun 2020, ana tsakiyar mace-mace?

Dakta: Gaskiyarka. Shi ya sa nake ganin maƙabarta ta fi ɗakin gwaji saurin ba mu labari. Masu haƙar kabari ne suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu, kafin hukuma ta yarda akwai matsala. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwa 979 a Kano a wancan lokaci, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da korona. Littafi ɗaya a ƙofar kowace babbar maƙabarta, a rubuta rana, namiji ko mace, kimanin shekaru, unguwa. Mai unguwa ya tattara duk Juma'a. Amma a fara tun yanzu da ake lafiya, don in ba ka san gawa nawa ake kaiwa a mako na yau da kullum ba, ba za ka gane ta ƙaru ba. Haka masu kemis, in cinikin maganin tari da zazzaɓi ya ninka a unguwa, sun riga kowa sani.

Na'ibi: Allah ya saka da alheri. Batun masallaci, abin da ya ɓata lamarin a wancan karo shi ne mutane sun ga kasuwa a buɗe masallaci a rufe, sai suka ce da wata a ƙasa. A Nijar har tarzoma aka yi a Yamai a watan Afrilu kan hana jam'i da dokar hana fita, kafin a buɗe masallatai a watan Mayu. Don haka duk ranar da kasuwa ta buɗe, masallaci ya buɗe, da sharuɗɗa. Asalin abin ba baƙo ba ne a addini, an hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa, kuma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda ita.

Da Saudiyya ta buɗe masallatanta ranar 31 ga Mayun 2020, ban da na Makka, ga abin da ta yi: a buɗe minti 15 kafin salla a rufe minti 10 bayanta, huɗuba da sallar Juma'a kada su wuce minti 15, kowa ya yi alwala a gida ya zo da dardumarsa, wurin alwala a rufe. Mu a nan uku daga ciki za su yiwu ba tare da kashe ko kwabo ba: gajarta huɗuba, alwala daga gida, darduma. Wurin alwala ya fi sahu hatsari, a nan ake kurkure baki da face hanci, kafaɗa da kafaɗa, buta tana yawo hannu zuwa hannu. Lissafin sahu kuma, mutum yana cin wajen santimita 60. In ka sa tazarar mita 1, kowa ya koma mita 1.6, sahun mutum 40 ya zama na 15. Kenan masallacin Juma'a ba zai ɗauki ko rabin jama'arsa ba. Sauran su yi a haraba da titi, a kafa rumfa buɗaɗɗiya a ƙara lasifika. Inda ake ɓata komai shi ne bayan sallama: an yi sahu da tazara, sannan mutum dubu su dunƙule a ƙofa ɗaya suna neman takalmi. Kowa ya shiga da takalminsa a leda, a buɗe dukkan ƙofofi, sahun baya ya fara fita.

Injiniya: Allah gafarta Malam, ƙari ɗaya. Masallatan da aka yi wa gilashi da esi a 'yan shekarun nan sun fi tsofaffin hatsari. A lokacin annoba a zuge gilasan duka ɓangare biyu, ko da esin yana kunne. Sallar asuba da hunturu ce matsala, kowa na son a rufe taga. A bar na sama a buɗe ko da faɗin tafin hannu ne a kowane gefe.

Na'ibi: Na'am. Sai dai dattawan sahun gaba su ne za su fara cewa a rufe, kuma su ne cutar ta fi kayarwa. Wannan sai liman da bakinsa.

Hedimasta: Makaranta ta fi ko'ina daɗewa a rufe. Tun Maris aka rufe, 'yan ajin ƙarshe suka koma a Agusta don jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17, sauran sai Oktoba. Wata bakwai, yara da yawa sun tafi talla da gareji ba su dawo ba, 'yan mata wasu an aurar. A ganina makarantar firamare ta kamata ta riga gidan biki da gidan kallo buɗewa nesa ba kusa ba. Da lissafin Injiniya, aji mai yara 60 yana son lita 600 a daƙiƙa. Azuzuwan gwamnati na da, masu tagogin katako hagu da dama, suna iya ba da wannan in an buɗe su duka. Makarantun kuɗi da aka mayar da gidan haya aji, ɗaki da taga ɗaya, su ne ba za su iya ba. A raba yara kashi biyu, safe 8 zuwa 11:30, rana 12 zuwa 3:30, rabin awar tsakani aji ya sha iska. A daina taron asambuli, a rarraba lokacin tara aji-aji. Matsalar da ke biyo baya biyu ce: malami ɗaya zai koyar sau biyu a albashi ɗaya, kuma zangon rana ya ci karo da Islamiyya. Sai an zauna da malaman Islamiyya tun farko. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba a sa masa takunkumi. Ɗakin malamai kuwa a kula da shi fiye da aji, can ne manya ke cire takunkumi su ci abinci tare.

Kuma don Allah kada a maimaita kwashe almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu ana tsakiyar annoba. Kaduna da Jigawa duk sun sami masu ɗauke da cutar da yawa a cikin yaran da aka kai musu. Tsangaya a bar ta inda take, a rage cunkoson makwanci, karatu a waje.

Ɗan Kamasho: Ranku ya daɗe ga na tasha. An ɗage dokar hana tafiya tsakanin jihohi ranar 1 ga Yulin 2020, amma kowa ya san kafin nan ma ana tafiya, ta daji, da kuɗin shinge, mota a cushe fiye da da. Dokar rage fasinja kuma in ba a taɓa kuɗin mota ba wasa ne. Bas mai cin 18 ka ce ta ɗauki 9, man da za ta sha bai ragu ba, balas ɗin mai mota bai ragu ba. Ko dai kuɗin kujera ya ninka, ko direba ya fita tasha da 9 ya cike a bakin hanya. Na biyun ake yi. Abin da zai yiwu: a cire ƙarin da ake yi, wato huɗu a layin uku da biyu a gaba, a yafe kuɗin tikitin ƙungiya da na ƙaramar hukuma na wannan lokaci, gilas a sauke gaba da baya, kowa da takunkumi. Takardar sunayen fasinja a rubuta lambar waya ta gaskiya, a ajiye ta aƙalla mako uku. Adaidaita sahu ba ta dame ni ba, iska ke ratsa ta, sai dai a ɗage labulen ledar nan.

Dakta: Batun gilas ɗin nan ba ƙarami ba ne. A lardin Zhejiang na Sin, Janairun 2020, wata bas mai esi da ke juya iskar ciki, tafiyar minti 100 zuwa da dawowa, mutum ɗaya ya sa wa 23 cikin 67, har da na kujerun nesa da shi. Doguwar mota mai esi ta dare, Kano zuwa Legas, ita ce ta ƙarshe da zan yarda a sake.

Gidan biki ma haka. A jihar Washington ta Amurka, mutum 61 suka taru atisayen waƙa na awa biyu da rabi a Maris 2020, 53 suka yi rashin lafiya, biyu suka mutu. Ɗaga murya yana ninka abin da ke fita daga baki. Ɗaurin aure a ƙofar gida minti 15 ne a fili, wannan ba komai. Dina a rufaffen zaure da kiɗa awa huɗu, da zaman makoki na kwana uku a ɗaki da mata cike, su ne na ƙarshe. Dokar da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2021 ta ce kada a wuce mutum 50 a rufaffen wuri, wuraren ibada kuma rabin abin da suke ɗauka, amma 50 a ƙaramin falo mara taga ya fi 300 a fili hatsari.

Ɗan Kwari: Duk na ji, saura guda wadda ba wanda ya taɓo. Yaron shago da ɗan dako kuɗin yini suke ci. Ka ce masa in yana tari ya zauna gida, me zai kai wa iyali? Zai sha magani ya fito, kuma ba zai faɗa ba.

Anti Nas: Alhaji nan ne gizo ke saƙar. Ƙa'idar killacewa ta 2020 ita ce kwana 10 daga ranar da alamu suka fara, a ƙara kwana 3 babu zazzaɓi babu tari. Waɗanda suka zauna da shi kusa, ƙasa da mita 1 na minti 15 ko fiye, tun daga kwana biyu kafin ya fara jin jiki, kwana 14. Ba mai yin wannan da yunwa. Kowane layi ya buɗe asusu kamar adashi, kowane shago ya riƙa zuba abu kaɗan kullum, wanda ya kwanta a ba shi kuɗin abincin kwanakin, kuma maigidansa ya yi alkawari a gaban shugaban layi cewa ba zai maye gurbinsa ba. Kuma in an samu mutum ɗaya, shagon kaɗai za a tsayar, a buɗe ƙofa ya sha iska, a goge, ba a rufe layi duka ba. In aka rufe layi saboda mutum ɗaya, na biyu ɓoye shi za a yi.

Ɗan Kwari: Asusun zai yiwu ga yaran shago, don an san uban gidan kowa. 'Yan dako da masu baro ba su da rajista a yawancin layuka, yau suna nan gobe suna Singa. Sai dai a bi ta sarkinsu.

Dubagari: To Alhaji ka tambayo mana sarkin dakon, mutum nawa ne a ƙarƙashinsa kuma nawa ɗan dako ke samu a yini mara kyau, don a san abin da kowane shago zai riƙa zubawa. Injiniya kai kuma ka turo girman fankar da za ta ishi shago mai mita 3 da 4 in bututun zai hau hawa biyu, don na san jan yana raguwa da tsawo.

Injiniya: Yana raguwa sosai, kowace kwana a bututu tana cin nata. A auno min tsawon da yawan kwanonin tukuna, da faɗin bututun da zai shiga wurin.